Gyaran gidan gado daga nesa: Kuɗi na zuwa ta waya, damina na riskar iyali a fili

A garuruwan kudancin Jigawa, daga Birnin Kudu har zuwa Dingaya da Sara a Ƙaramar Hukumar Gwaram, akwai wani irin gida da ido ya fara sabawa da shi. Rabinsa ginin ƙasa ne irin na kaka da kakanni, ɗaya rabin kuwa bulo ne da ya tashi ya kai linta ya tsaya, rodi ya yi cirko-cirko a samansa yana shan tsatsa. A ƙofar gida akwai tulin yashi da awaki suka mayar makwanci. Katangar da ta suturta tsakar gida an rushe ta, an kafa zana a gurbinta. A ciki kuma akwai mutane: tsohuwa, matan ƙanne da yara, duk sun takure a ɗaki ɗaya ko biyu suna dakon cikon kuɗin aiki.

Mai turo kuɗin ba ya garin. Ko dai ma'aikaci ne a Dutse ko Abuja, ko ɗan kasuwa a Kano ko Legas ko Fatakwal, ko kuwa yana can Jidda ko Makka ko wani zango a Ghana yana neman na kansa. Niyyarsa babu abin zargi a cikinta. So yake ya fitar da mahaifiyarsa daga ɗakin da ke yoyo, ya kuma samu inda zai sauka da iyalinsa ranar Sallah ba tare da jin nauyi ba. Sai dai abin da ake gani a kowace damina ya nuna cewa gidan da aka fara gyarawa aka tsaya rabi ya fi tsohon gidan da ba a taɓa ba haɗari, kuma waɗanda ke ɗauke da wannan haɗari ba su ne suka tsara aikin ba, ba su ne ke riƙe da kuɗinsa ba.

Gyaran tsohon gida daga wata ƙasa ba baƙon abu ba ne a duniya. A Italiya, wasu ƙananan garuruwa na tsibirin Sisili irin su Sambuca da Mussomeli sun yi suna wajen sa tsofaffin gidaje a kasuwa a kan Yuro ɗaya, da sharaɗin mai saye ya ajiye kuɗin jingina, ya kuma gyara gidan cikin shekara uku. A Japan ƙidayar gwamnati ta 2023 ta nuna gidajen da babu kowa a cikinsu sun kai kimanin miliyan 9. Baturen da ya sayi kango a Sisili yana fama da ƙura da jinkirin magina, amma kangon nasa babu kowa a ciki, in ya gaji ya kulle ya hau jirgi. A ƙasar Hausa gidan gado ba ya zama kango matuƙar akwai tsoho ɗaya da ke numfashi a cikinsa. Ana rushewa ana ginawa ne a kan mutane.

Lokacin gini da lokacin kuɗi

Magina na da suna da kalandarsu, kuma ba ta canzawa. Da an kawar da amfanin gona, sanyi ya shiga, sai a fara haƙar ƙasa, a kwaɓa da ramno, a bar ta ta ruɓa, a buga tubali ya bushe a rana. Kafin bazara ta yi nisa an gama ɗaurin azara, an yi yaɓe, an gyara indararo. Hadarin farko yana samun gida a rufe.

Kuɗin ɗan birni da na mazaunin ƙetare ba su san wannan kalanda ba. Suna zuwa ne lokacin da aka biya bashin albashi, ko aka kwashi adashi, ko ciniki ya buɗe gabanin azumi. Wa'adin da ake ɗora wa aikin kuma kusan kullum ɗaya ne: a gama kafin Sallah, ko kafin bikin ƙanwa. A 'yan shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa ne a bakin damina. A 2023 ta zo a ƙarshen watan Yuni, a 2024 ranar 16 ga Yuni, a 2025 kuma ranar 6 ga Yuni. Ma'ana, mutumin da ya turo kuɗi bayan Ƙaramar Sallah ya ce a kware rufi a ɗora kwano kafin layya, ya sa an buɗe kan gida ne daidai lokacin da iskar farkon damina ke tasowa. In aka samu tangarɗar mako uku, ruwa ya riga ya sauka. Daga nan zuwa watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi a wannan yanki, bangon ƙasar da aka raba da rufinsa yana sha ta sama yana sha ta ƙasa.

Ga kuma matsalar masu aiki. Da rani, lokacin da ya dace a yi gini, majiya ƙarfin ƙauye sun tafi ci-rani. Da damina sun dawo, amma gona ta fi ƙarfin hankalinsu, kuma babu birkilan da zai bar noman farko saboda jingar wani. Mai gida yana can yana lissafin kwanaki a waya, bai san cewa leburorinsa na bakin huɗa ba.

Ƙarfin ruwan wannan yanki ba abin wasa ba ne. A watan Agustan 2021 ruwa ya karya wata gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, mota ta afka ciki, mutum 21 suka rasu. A ambaliyar 2022, wadda ta kashe sama da mutum 600 a faɗin Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki, kuma a 2024 ma ba ta tsira ba. Wanda ke bin rahotannin irin waɗannan watanni ya san cewa da yawan mamatan ba ruwa ne ya tafi da su ba. Gini ne ya faɗo musu cikin dare.

Buhun siminti ya fi alkawari gudu

Dalili na biyu da ke tsayar da aiki rabi shi ne farashi. Tun daga cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin Naira a watan Yunin da ya biyo baya, babu wani ƙiyasin gini da ke kai wata uku yana nan yadda yake. Dalar da ake canzawa a hukumance a kan Naira 460 da 'yan kai ta haura 1,500 a farkon 2024. A watan Oktoban 2023 kamfanin BUA ya sanar da rage buhun siminti zuwa Naira 3,500 daga masana'anta, mutane suka yi murna, wasu ma suka rushe ɗaki bisa wannan labari. Zuwa Fabrairun 2024 buhu ya haura Naira 10,000 a wurare da dama, har Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka tsayar da magana a kan Naira 7,000 zuwa 8,000. Kasuwa ba ta daɗe a kan wannan yarjejeniya ba. Wani abin lura a gefe: Aliko Dangote, wanda kamfaninsa ya fi kowane samar da siminti a ƙasar nan, a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ya yi sakandare, amma hakan bai sa buhu ya iso Dingaya da rangwamen ko sisi ba. Hasali ma kuɗin mota daga dila zuwa ƙauye ƙari ne a kan abin da ɗan birni ke biya.

Faɗuwar Naira ta raba masu gyaran gida kashi biyu. Mazaunin Saudiyya, wanda Riyal ɗinsa ke ɗaure da Dala, ya ga ɗan abin da yake turowa ya ninka a lissafin Naira, ko da yake tun Janairun 2024 Babban Bankin Najeriya ya umarci kamfanonin aiko da kuɗi su riƙa biya da Naira kawai. Wannan ya ba shi ƙarfin gwiwar faɗaɗa aiki: daga gyaran ɗakin tsohuwa sai zance ya koma falo da bayi na zamani da tayil. Ma'aikacin gwamnati kuwa baya ya ci. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai wuce buhu bakwai ba idan buhu yana Naira 10,000, kuma ba a ci ba, ba a sha ba. Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya ya kasance a lokacin yana ba da rancen gyaran gida na har Naira miliyan ɗaya ga masu zuba kuɗi a Asusun Gidaje na Ƙasa. A wancan farashi miliyan ɗaya buhu ɗari ne, ban da yashi, ban da rodi, ban da kwano da katako da ladan aiki.

Abin da ya haɗa su biyun shi ne kowa yana fara aikin da ya fi kuɗin hannunsa, bisa fatan sauran za su zo. Rushewa ba ta da tsada, kwana biyu ta ishe ta. Abin da ke biyo baya ne ke cin shekara.

Zama cikin gidan da ake gyarawa

Hoton da ake tura wa mai gida ta WhatsApp hoton bango ne. Ba ya nuna yadda ake kwana a gidan.

Abu na farko da ke tafiya shi ne sutura. Gidan Bahaushe an tsara shi ne daga zaure zuwa shigifa zuwa tsakar gida domin baƙon ido ya tsaya inda ya kamata. Da an fasa katanga don motar yashi ta samu shiga, wannan tsari ya rushe. Matan gida suna wuni da mayafi a tsakar gidansu saboda samarin da ke kwaɓa siminti. Zuwa makewayi sai an yi dabara, wanka sai da asuba ko bayan magariba. Matar aure da ba ta saba fita ba takan koma zaman ɗaki daga safe har leburori su tashi, kuma ɗakin ba nata ita kaɗai ba ne, domin an tara kayan ɗaki uku a cikinsa, gado a kan gado, kwalla a kan buhun gero.

Madafi yakan koma ƙarƙashin rumfa, inda ƙurar siminti ke sauka a kan tuwo da rani, ruwa kuma ya kashe wuta da damina. A ƙauye har yanzu al'ada ce a ciyar da masu aiki, kuma wannan ɗawainiya ba ta shiga lissafin da aka tura wa mai gida. Daga rumbun iyali take fita. Haka ruwa: bulo da kankare suna buƙatar a riƙa shayar da su kwanaki a jere, kankare ma sai ya kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. A tsakiyar rani, lokacin da rijiyoyi suka ja baya, yara da 'yan mata ne ke jigilar wannan ruwa, in ba haka ba a saya a wurin 'yan garuwa. Inda aka gaji aka daina shayarwa, bulo yakan fito yana marmashewa a hannu, kuma ba wanda zai faɗa wa mai gida.

Ramin harsashi da ramin masai da aka haƙa aka bari suna cika da ruwa tun hadarin farko. Sauro ya samu gida a ƙofar ɗaki, mai rarrafe kuma ba a isa a kau da ido daga kansa ba. Simintin da aka saya da wuri don gudun tashin farashi sai a jibge shi a ɗakin tsohuwa, domin nan ne ake ganin babu mai taɓawa. Siminti kuwa yana jan danshi, in ya yi watanni a ɗakin ƙasa da damina sai a buɗe a tarar ya dunƙule ya zama dutse. Tsohuwa ta ba da rabin ɗakinta tana gadin dukiyar da ta riga ta mutu.

Ba kasafai waɗannan mutane ke kai ƙara ba. Uwa ba ta son ɗanta ya ji kamar ba ta gode ba. Matar ƙane ba ta da bakin yi wa yayan miji ƙorafi a kan alherinsa. In ya bugo waya ya tambaya, amsar ita ce lafiya lau, Allah Ya saka da alheri. Da haka labarin da ya fi muhimmanci, wato bangon gabas ya fara tsagewa, shi ne na ƙarshen isa kunnensa.

Siminti a kan ƙasa

Akwai kuma kuskuren da ake yi ko da kuɗi sun wadata, kuma shi ne ya fi yaɗuwa domin yana da kyan gani a hoto. Maimakon a rushe, sai a shafe tsohon bangon ƙasa da fulastar siminti a yi masa fenti. Ƙasa da siminti ba sa kama juna, kuma ba sa buɗewa da tsukewa daidai da juna a zafi da sanyi. Cikin shekara ɗaya ko biyu fulasta ta tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita. Bangon ƙasa da aka yi wa yaɓen gargajiya yana jiƙewa ya bushe, in ya zaizaye kowa na gani a gyara. Wanda aka lulluɓe da siminti yana ruɓewa ne a ɓoye, fuskarsa sumul, har ranar da zai sauko gaba ɗaya.

Kwano ma yana da nasa. Soron ƙasa yana tara ruwa ya fitar ta indararo nesa da gindin bango. Kwanon da aka ɗora ba tare da isasshen baki ba yana zubar da ruwan rufi gaba ɗaya a gindin ginin. In kuma maƙwabci ya cike filinsa ya ɗaga daɓe, ko an yi titi ya fi gida tudu, ruwan unguwa sai ya kwanta a jikin tsohon bango. Ginin ƙasa daga ƙafa yake mutuwa.

Magabata ba su jahilci wannan ba. Suna da makuba, da ake samu daga kwasfar ɗorawa, suna da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Azarar giginya gara ba ta cika samun ta da sauƙi ba. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 da Gidan Makama na Kano shaida ne cewa ƙasa tana daɗewa in ana kula da ita. Sirrin shi ne yaɓen shekara-shekara, kamar yadda mutanen Jenne a Mali ke fitowa kwansu da kwarkwatarsu duk shekara su shafe babban masallacinsu. Wannan aiki na 'ya'yan gida ne, kuma 'ya'yan gida su ne suka tafi birni. Abin da suke turowa yanzu da sunan gyara, a wani ɓangare, kuɗin yaɓen shekara goma ne da ba a yi ba.

Ba wai ana cewa kowa ya koma tubali ba ne. Tsohuwar da ta yi shekara hamsin tana tara kwano a ƙarƙashin yoyo tana da haƙƙin ta so bulo. Amma tsakanin tubali da bulo akwai hanya. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Najeriya ta daɗe da ƙera injin matse bulon jar ƙasa wanda ɗan siminti kaɗan yake ci. A Dandaji ta Jihar Tawa a Nijar, masaniyar zanen gine-gine Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta sun gyara tsohon masallacin ƙasa ya zama ɗakin karatu, suka gina sabo da irin wannan bulo, kuma maginan gargajiya na cikin waɗanda suka yi aikin. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya ci babbar lambar Pritzker a 2022, da ƙasa ya gina makarantar ƙauyensu Gando, ya ɗaga kwano sama da bango ya ba shi baki mai faɗi, iska na ratsawa, ruwa na zuba nesa. Jigawa tana da kwalejojin fasaha a Kazaure da Dutse. Abin mamaki ne a ce har yanzu birkilan ƙauye bai da inda zai je ya koyi yadda ake haɗa sabon gini da tsoho cikin mako biyu, alhali hukumar agajin gaggawa ta jiha tana rabon kwano da siminti bayan kowace ɓarna, a sake ɗora su a kan bangon da ya riga ya jiƙa.

Wa ke da gidan?

Tsakanin mai kuɗi da magini akwai wakili, galibi ƙane ko ɗan baffa. Matsayinsa ba abin sha'awa ba ne. In farashi ya tashi tsakanin ranar ƙiyasi da ranar saye, shi ake zargi. In yaro ya kwanta rashin lafiya aka kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, daga kuɗin rodi za a taɓa, domin babu wasu a gidan, kuma kunya ba za ta bari a faɗa ba. Akwai wakilai maciya amana, wannan ba a musu. Amma yawancin rigimar da ke raba 'yan'uwa tana farawa ne daga rashin rubutu: ba a ajiye rasit ba, ba a yanka wa wakili ladan wahalarsa ba, aka bar shi ya biya kansa a ɓoye.

Babbar rigimar kuwa tana jiran ranar rabon gado. Yawancin waɗannan gidaje ba a raba su ba tun rasuwar uba, saboda ganin idon uwa. A shari'ar Musulunci da kotunan Jigawa ke aiki da ita, kowane magaji yana da kasonsa a gidan, har da 'yan'uwa mata da ke gidajen aurensu. Wanda ya zuba miliyoyi a ginin da ba nasa shi kaɗai ba, me ya yi: kyauta ya ba magada, bashi ya ba su, ko wa kansa ya gina a filin kowa? Kowace amsa tana da hukuncinta, kuma alƙali shaidu zai nema. Hotunan waya suna nuna an yi gini, ba sa nuna da wace niyya aka yi. Sau da yawa sai bayan uwa ta kwanta dama ake gane cewa kowa da fassarar da ya riƙe a zuciyarsa, mai kuɗi yana ganin gida ya zama nasa, sauran suna ganin ya yi wa mahaifiya hidima ne Allah Ya ba shi lada. Zama ɗaya a gaban mai unguwa ko dagaci da limami, da takarda guda mai sa hannun magada kafin a sauke tifar yashi ta farko, ya fi arha a kan zaryar kotu. Ana gudunsa ne don kada a ce mutum ya fara zancen gado uwa tana raye.

Tsofaffin magina suna da tsarin aiki da ya dace da aljihun da ba shi da tabbas. Ba a taɓa ɗakin da ake kwana a ciki sai an gama wani an rufe shi. Ana fara gyara hanyar ruwa da gindin bango kafin a yi zancen fenti. Katanga ita ce ta ƙarshen faɗuwa, ta farkon tashi. Ba a kware rufi sai kwano da katako da ƙusa da kuɗin kafinta suna ajiye a tsakar gida. Hukumar Hasashen Yanayi ta Najeriya kuma tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, har da lokacin da ake sa ran saukar ruwa a kowace jiha, kuma wayar da ake tura kuɗi da ita tana iya buɗe shi.

Watannin Musulunci suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Azumin 2026 a tsakiyar Fabrairu yake, layyarta kuma a ƙarshen watan Mayu, makonnin da guguwar farkon damina ta fi kwashe rufi a kudancin Jigawa. Wanda ke son ya yi irin wannan Sallah a sabon ɗaki a Dingaya, kwanonsa ya kamata ya hau tun ana sanyi.